Wasiƙun da Aka Raba Kamar Gero

Ku 'yan matan da iyayenku suke kawowa shagona a koya muku fotokwafi, na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Kowacce ta karanta, kada a sake tambayata. Jiya wata a cikinku ta ce wai aikin nan danna maɓalli ne kawai. Ita ce kuma ta zura takardar haihuwar wani bawan Allah a injin lamineshan a karkace, ta fito masa da ita a naɗe kamar alkaki. Ban ambaci suna ba. Ta san kanta.

Ni ba tsohuwa ba ce, ban kai talatin ba. Amma tun da na gama sakandare nake tsaye a gaban inji, kuma abin da na gani a takarda ya ishe ni in yi muku faɗa.

A wurin Oga Bitrus na koya, mutumin kudancin Kaduna ne, shagonsa yana kusa da kasuwar Kazaure. Hausarsa ta fi ta wasunku. Wata da watanni ina zuwa, bai bar ni na taɓa maɓallin da kuke rainawa ba. Aikina cire fil. Mutum zai kawo takardun filinsa da aka maƙale tun kafin a haife ni, fil ɗin ya yi tsatsa ya cinye kusurwa, sai Oga ya miƙo min wata 'yar wuƙa marar kaifi ya ce, "Rabi, cire, kada ki yaga." In na yaga, ranar ni zan share gaban shago har da na maƙwabta. Daga nan ya koya min burushin aski mai laushi na kaɗe ƙura, da dutsen guga mai ɗumi kaɗan na miƙar da takardar da ta yamutse, da baƙar takarda da ake ɗorawa a bayan takarda marar kauri don kada abin da ke bayanta ya fito a kwafi. Waɗannan su ne kayan aikin. Injin shi ne na ƙarshe.

Dokarsa ɗaya ce: ki kalli takarda, kada ki karanta ta. Ya ce mutum ya kawo sakamakon asibiti ya ga idonki yana bin layi, ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa danginsa. Akwai wani dattijo da yake kawo takardarsa a ninke, ya ce a yi kwafinta haka don kada mu gani. Oga ya yi masa. Ya karɓi hoton bayan takarda fari fat, ya duba, ya ce madalla, ya tafi. Na buɗe baki zan yi magana, Oga ya taka min ƙafa.

Sai shekarar wahala ta zo. Mai ya yi tsada, wuta ta zama baƙuwa, kowa ya koyi ɗaukar hoton takarda da waya, ga babban injinmu ya fara zana baƙin layi a tsakiyar fuskar duk wanda aka yi wa kwafin hoto. Saura ƙaramin inji, wanda mutum ɗaya zai iya runguma, da ƙaramin janareta mai tari. Oga yana wuni a kan benci yana korar ƙuda. Ni kuma na fara tunanin koyon ɗinki.

A cikin wannan hali wata adaidaita ta tsaya a ƙofar shago, wata tsohuwa ta fito da ƙullin leda a hammata. Hajiya Babba ce, matar marigayi Malam Mai Alli. Ku ba ku san shi ba. Malamin makaranta ne na da, ya koyar a ƙauyukan Roni da Gwiwa, ya kuma rubuta littattafan hikaya da iyayenmu suka karanta a firamare. Allin da ba ya rabuwa da aljihunsa ne ya ba shi sunan.

Na ce, "Sannu da zuwa, Hajiya."

Ta ce, "Me?"

Oga ya matsa kusa ya ɗaga murya, "Mama, ta ce sannu da zuwa."

Ta juyo masa kunnen hagu. "Ta nan za ka yi, ɗan nan. Na dama ya riga ni tafiya. Wannan ma likita ya ce yana haɗa kaya."

Ta zauna ta kwance ledar. Takardu ne tsofaffi, wasu farare da suka koma ruwan ƙasa, wasu shuɗaye marasa kauri. Ta ware shuɗayen gefe ta dafa su, sannan ta ba mu labari da ƙarfi, don ita a ganinta raɗa take yi. Mai shayin da ke gefenmu ma ya ji komai.

Lokacin da Malam yake koyarwa a ƙauye, ita tana gida Kazaure, kullum in ya tashi daga makaranta sai ya rubuta mata wasiƙa a shuɗiyar takarda. Ba ya aikowa. Ita ba ta iya boko ba, shi kuma ba zai yarda wani ƙato ya karanta wa matarsa wasiƙarsa ba. Sai ya ninke ya sa a cikin hula, ranar da zai zo gida ya hau keke ya kawo da kansa, ya ci abinci, ya zauna ya karanta mata. In ya gama ya jefa a akwatinsa tare da sauran takardunsa.

Na ce, "To Hajiya, tunda zai zo, me ya hana ya faɗa da baki?"

Ta ce, "Marubuci ne, 'yar nan. Ba su da hankali irin na mutane."

Da Malam ya rasu, wani mutum ya zo daga wata jami'a a mota, ya yi ta'aziyya, ya roƙi a ba shi akwatin ya kai ɗakin ajiyar littattafai. 'Ya'yan Malam uku suka kalli juna. Suka ce mutumin da ya ƙona mai tun daga nesa saboda tsohuwar takarda, akwai abin da ya sani. Suka sallame shi, suka sa akwatin a cikin gado. Wurin rabo aka kasa daidaitawa, wannan ya ce ƙullin wancan ya fi kauri, wancan ya ce na wannan ya fi yawan rubutu. Ƙarshe babbansu, wanda hatsi yake sayarwa, ya ce a kwance igiyoyin duka a cakuɗa, kamar yadda ake yi wa gero, sannan a raba falle-falle. Haka aka yi. Aka cire wa Hajiya tumuninta, ɗaya cikin takwas, sauran kuma namiji biyu, namiji biyu, mace ɗaya, har akwati ya ƙare. Ita tana ɗaki tana takaba. Ko da ma tana wurin, ta ce da wane baki za ta gaya wa 'ya'yan da ta haifa cewa shuɗayen nan ubanku ni ya rubuta wa?

Ta ce, "Abin da nake so, a haɗo min su. Ba nasu nake so ba, kowa ya riƙe gadonsa. Ku yi min irin naku na inji. A karanta min su tun daga sallama har ƙarshe, kafin wannan kunnen ya bi ɗan'uwansa. In ya rufe, ko kun kawo sai dai in yi fifita da su."

Na ce, "Ki ce su kawo mana nan mana."

"Ba mai barin nasa ya fita daga gida. Kowa yana tsoron ɗan'uwansa. Kuma kada ku ce musu shuɗaye nake nema."

Oga ya kalli shago, babu kowa, ya kalli ƙaramin inji. Ya ce, "Mama, za mu je."

Da garin Babura muka fara, ranar da ba ta kasuwa ba. Ni rungume da inji a cikin bas kamar mai jego, Oga da janareta a tsakanin ƙafafu. Alhaji Sani, babban ɗan, ya karɓe mu a rumbun hatsinsa. Gadonsa yana cikin buhu, an ɗinke baki, an jefa ƙwayar maganin ƙwari irin ta wake, an jera shi a tsakanin buhunan dawa. Ya ce tunda Hajiya ce ta aiko ba zai hana ba, amma da sharaɗi. Ya sa aka jawo sikeli. Za a auna kayan kafin mu fara, a auna bayan mun gama. Ya kira wani baƙonsa daga Nijar da ya zo canjin sefa, ya ce ya zauna ya zama shaida.

Na zazzage buhu a tabarma, na fara tsince shuɗaye. Alhaji ya sa hannu ya tsayar da ni.

"Malama, me ya sa sai waɗannan?"

Na ce, "Sun fi saurin lalacewa ne, Alhaji."

"Ko dai su ne masu tsadar?"

Na kalli Oga, Oga ya kalli rufin kwano. Dole na ce a'a, duka za mu yi. Wuni muka yi muna kwafin abin da ba wanda ya aike mu: rasit ɗin facin keke, jerin sunayen yaran da ba su yanke farce ba, rabin hikayar wani makiyayi, wasiƙar da Malam ya rubuta wa masu buga littafinsa yana yi musu faɗa a kan sun zana wa jarumin labarinsa kunne kamar na zomo. Tona, garin tawadar inji, tana ƙarewa, zuciyata tana tafasa.

Ga abin da nake so ku koya a nan. Kwafi baƙi da fari ne, duk kamarsu ɗaya. In kin bar asalin takarda a Babura, ba za ki sake ganin launin tawada ba. Don haka duk shuɗiyar da na yi wa kwafi, sai na juya bayan kwafin na rubuta da fensir: tawada baƙa ko shuɗiya, ninki nawa, ta ina fil ya bar tsatsa, da kuma inda man kai ya taɓa. Malam a hula yake ɗauko su, man kansa da gumi suna ratsa wasiƙa tun daga falle na farko har na ƙarshe, su bar tabo a wuri ɗaya. Wannan tabon ya fi min lambar shafi, wadda Malam, da duk iliminsa, bai taɓa sawa ba.

La'asar ta yi, muka mayar da kaya buhu, aka ɗora a sikeli. Alhaji ya duƙa ya ƙura wa allura ido.

"Kayan sun ragu."

Na ce, "Ba abin da na ɗauka, Alhaji. A gabanka na yi."

"Ban ce kin ɗauka ba, 'yata. Na ce sun ragu."

Baƙon Nijar ya leƙa, ya ce gaskiya allura ta ja baya. Aka zazzage, aka duba ƙarƙashin inji, aka sa Oga ya kakkaɓe aljihu. Can na lura da tabarma. Duk fallen da na ɗauka sai na kaɗe shi da burushi, ga ƙura da kashin ƙwari da garin magani sun taru tsibi guda. Na nuna masa. Ya duƙa ya duba tsibin. Ya tambayi shaida ko ƙurar tana cikin gado. Shaida ya ce da ita aka auna. Aka kawo tsintsiya, ni da hannuna na share ƙurar na zuba a buhu. Allura ta koma wurinta. Alhaji ya yi murmushi, ya sa aka ba mu kwanon gyaɗa, ya ce mu gaida Hajiya.

A mota na ce, "Oga, na bar aikin nan."

Ya ce, "To. Ki riƙe injin tukuna, akwai rami a gaba."

Na Roni ya fi. Malam Bala, ɗa na biyu, mutum ne mai son baƙi, kuma yana alfahari da ubansa. Ya tarbe mu da fara'a, ya ce ai shi bai ɓoye gadonsa a buhu kamar wasu ba, ya fito da shi duniya ta gani. Ya buɗe mana ɗakin baƙinsa. Na tsaya a bakin ƙofa. Tun daga ƙasa har rufi, bango huɗu, takardun Malam ne, an liƙe su da sitaci falle kusa da falle, babu masakar tsinke. Har bayan ƙofa.

Na ce, "Baba, ta yaya za mu cire?"

Ya ce, "Cirewa kuma? Wa ya ce a cire?"

Abu ɗaya ya cece mu: shuɗiyar takardar ba ta da kauri, don haka gefe ɗaya kawai Malam yake rubutu. Na gwada waya, tawadar ta dushe, hoton ya fito kamar hayaƙi. Oga ya zagaya ɗakin sau da yawa hannu a baya. Sannan ya ɗauko sukudireba ya kwance murfin inji. Ya ce in ba za a kai takarda wurin gilashi ba, sai a kai gilashi wurin takarda.

Haka muka yi. Oga ya rungumi inji ya manna fuskarsa a bango, ni ina danna maɓallin da kuka ce shi ne aikin, ina tare takarda da ɗaya hannun kada ta faɗo. In ya yi numfashi mai ƙarfi, rubutu ya fito kamar an ja shi da tsintsiya, sai an sake. Na ƙasa ya yi su a durƙushe. Na tsakiya a tsaye. Na sama aka kifa masa turmi ya hau, Malam Bala ya riƙe masa ƙugu, yana karanto masa abin da ke kusa da hancinsa yana bayani.

"Wannan da kake kai, Oga Bitrus, ranar da aka yi ruwa da ƙanƙara ne. Ka ga inda ya ce..."

"Malam Bala, riƙe ni dai."

"Ai na riƙe. Ka ga yadda yake ja wa harafi wutsiya? Ba mai irin hannun nan yanzu."

Matan gida suka taru a taga, yara suka kira yara. Wata tsohuwa ta tambaya ko hoton ƙirji ake yi wa ɗakin. Da muka kai bayan kabad, aka janye shi, muka tarar ƙadangare ya riga mu, ya bar sa hannunsa da kashi a kan falle biyu. Na goge da ƙyalle na ci gaba da aiki, don in na buɗe baki ranar, ba za a sake gayyatarmu Roni ba. Oga kwana da kwanaki bai iya ɗaga hannu ya sa riga ba, matarsa ce take sa masa.

Gwiwa ba a wahalar da mu da gardama ba, da abinci aka wahalar da mu. Anti Hajara, autar Malam, ta adana nata a cikin kwalla, tsakanin zannuwa, da turaren wuta da humra. Ta fi kowa iya ajiya, ba na ɓoyewa. Matsalar, duk 'yar da ta aurar sai ta sa mata falle kaɗan a kayan ɗaki, wai ta tafi da hannun kakanta. Sai da aka aika gida-gida. Kowace ta zo da nata a ƙulle a gefen mayafi, kowace kuma ta zo da kwano, Anti ta rantse ba za a kunna janareta ba sai mun ga ƙasan kowane kwano. Na yi kwafi ina gyangyaɗi. Turaren kuwa ya shige cikin inji ya zauna. Bayan mun dawo Kazaure, duk takardar da ta bi ta cikinsa sai ta fito tana ƙamshin ɗakin amarya. Wani ma'aikaci ya dawo da fushi, ya ce matarsa ta shinshina takardar ƙarin girmansa, yanzu bayani ake nema a gida.

Sai haɗawa. Muka janye benci, na shimfiɗa kwafin shuɗayen a ƙasan shago, na Hajiya, na Babura, na Roni, na Gwiwa, na danne kowane da dutse. Oga ya cire wa fanka waya don kada wani ya manta ya kunna in an kawo wuta. Ana zafi kamar a gasa mutum. Ina rarrafe ina duba bayan takarda: mai ninki huɗu da tabon mai a gefen dama, ina 'yan'uwanki? In na sami masu tabo iri ɗaya, sai in duba layin ƙarshe na wannan da layin farko na wancan, in sun kama, na maƙale. Iyakar karatuna ke nan. Ba don dokar Oga kaɗai ba. Na ɗan leƙa guda biyu da farko, na ga farashin alli, da yawan ruwan da aka yi, da yadda sarƙar keke take zamewa, na ce Allah ya jiƙan Malam, amma ni ba zan iya ba. Wasu fallayen ba mu same su ba har yau. Na bar gurbinsu da farar takarda.

Ana cikin haka Hajiya ta aiko a gaya mana ta daina jin kiran sallar masallacin nesa, saura na kusa. Na daina tafiya cin abincin rana. Da na gama, Oga ya ɗinke su ya sa bango mai kauri, ya ce ni zan kai, ni zan karanta.

Na ce, "Ka ce kada a karanta takardar mutane."

Ya ce, "Mai takarda ce ta ce a karanta. Kuma duk garin nan ba wanda ya kai ki murya."

Na same ta a tsakar gida bayan la'asar, a kan tabarma, gindin bishiyar darbejiya. Ta shafa bangon littafin, ta shinshina, ta ce wannan ƙamshin Hajara ne. Ta juyo min kunnen hagu. Na fara.

Ta ce, "Kin fara?"

Na ƙara murya. Ta ce kamar sauro. Na ƙara. Sai da na kai irin muryar da ake kiran yaro daga ƙarshen layi, sannan ta gyaɗa kai. Da wannan muryar na sanar da unguwa cewa Malam yana gaisuwa, yana lafiya, an kawo alli amma mai ɓarɓashi ne, hedimasta ya sayi agogo yana ta duba shi a gaban mutane, tayar kekensa ta baya tana sacewa. Kaji suka bar gidan. Kawuna suka fara ɓullowa ta saman katanga. Maƙwabciyarta Inna Delu ta kawo kujera ta hau.

Ina falle na uku, maƙogwarona yana ƙuna, na ɗaga ido. Hajiya ta jawo matashi, ta kwanta, ta rufe ido, bakinta a ɗan buɗe. Barci.

Na tuna ƙurar Babura. Na tuna Oga a kan turmi. Na rufe littafin da ƙarfi na fara neman takalmina.

Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Ke, wa ya ce ki tsaya?"

Na yi ihu a kunnenta, "Ai barci kike yi, Hajiya."

"Ba barci nake ba. Haka ake yi. In ban kwanta na rufe ido ba, ba ya kaiwa wurin. Ci gaba."

Na buɗe, na nemo inda na tsaya, na juya falle. Daga nan hannun Malam ya ƙanƙance. Na ja numfashi na kwarara:

"To, na san war haka kin yi barci, don ba ki taɓa wuce labarin keke ba. Saboda haka zan faɗi sauran. Talatu."

Na tsaya. Ban taɓa jin sunan ba. A kan katanga Inna Delu ta ce, "Wace ce Talatu?" Wata ta ce mata, "Ita ce mana."

Hajiya ta ce, "Ci gaba."

"Talatu, miyar da ake yi min a nan ba ta kai ruwan wankin tukunyarki ba. Na ce miki ina ci sosai, ƙarya nake. Kuma ba na samun barci. Garin nan shiru ya yi yawa, na saba da munsharinki. Na roƙi maigadin makaranta ya riƙa ɗaure jakinsa a bakin tagata, ya yi ƙoƙari, amma bai kama ƙafarki ba."

Katanga ta ɗauka da dariya gaba ɗaya. Inna Delu ta kusa faɗowa daga kujera. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, budurwa da ni ina ihun wannan magana a gidan mutane da rana tsaka. Hajiya tana kwance yadda take, ido a rufe, sai dai gefen bakinta yana rawa.

Ta ce, "Shi a hankali yake faɗin wurin nan."

Na ce, "In na yi a hankali ba za ki ji ba. Kuma duk unguwa suna ji, Hajiya. Ko mu shiga ɗaki?"

"Ɗaki da zafi. Mai jin kunyar ya rasu. Karanta."

Na karanta. Ya ce ya ga wani zane a kasuwa ya tsaya yana kallo har aka ɗauka ɓarawo ne. Ya ce in ta tashi kada ta tambaye shi me ya ce a ƙarshe, zai ce farashin gyaɗa ne. Ta ce, har yanzu ido a rufe, "Kullum haka yake cewa. Ni kuma in ce Allah ya sa ta yi daraja."

Kullum bayan la'asar na riƙa zuwa, wasiƙa ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da maƙogwaro ya ɗauka. Duk tsarinsu ɗaya: alli, ruwan sama, keke, sai ta kwanta, sai Malam ya ƙanƙance hannu. In mun zo kan farar takarda in ce mata nan babu, ta ce wuce. Matan layin suka daina hawa katanga, suka riƙa shigowa da tabarminsu da tsintar shinkafarsu. Inna Delu ce take dafa min citta da zuma. Muryata ta dushe sau biyu ta dawo. Kullum sai na ƙara matsawa kusa da kunnen, har ya zama leɓena yana taɓa ɗankwalinta. Ta ƙarshe da na karanta, sai da na maimaita layin ƙarshe sau da yawa kafin ta ce, "Na ji." Bayan nan da kaɗan kunnen ya rufe.

Har yanzu ina zuwa gaishe ta in na tashi daga shago da wuri. Ba ta jin sallamata. In ta ga ni ce, sai ta nuna min inda littafin yake, ta jawo matashi, ta kwanta, ta rufe ido. Ni kuma in zauna in buɗe duk inda hannuna ya faɗa. Tunda ihun ba shi da amfani yanzu, a hankali nake karantawa, yadda ta ce shi yake yi.

Shekaranjiya ina tsakiyar wurin da hannun Malam ya ƙanƙance, sai na ji Inna Delu daga bayan katanga.

"Rabi, ɗaga murya mana. Ba ma ji."